Gayan Tuwo Mai Lambar Yabo

Har gobe ban manta da ranar da ruwan sama ya tarwatsa mana taro a Sabuwa ba, alhali ko ɗigo ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Abin da ya tuno mini da ita shi ne musun da na tarar kuna yi ɗazu kan wani fim da aka ce ya kwashe lambobin yabo. Ɗayanku ya ce shi ya kalla bai ga abin a zo a gani ba, sai kuka yi masa ca, wai shi wane ne da zai raina abin da alƙalan gasa suka yaba. Na ga ya sunkuyar da kai, sai ya ba ni tausayi, don ni ma na taɓa sunkuyar da nawa. Tunda na zo gaishe ku ne a tsohon ofishinmu kuma ba wanda ke jirana sai kujerar ƙofar gida, ku gyara zama.

Lokacin nan kuɗin man fetur na kwarara a ƙasar nan, gwamnati na sayen komai sabo fil. Mu ma a sashen majigi aka kawo mana sabuwar mota mai ƙamshin leda. Waɗanda ba su riski majigi ba, silima ce da ake kai wa mutane har garinsu kyauta don wayar da kai. A cikin motar akwai janareto, da injin haska fim, da farin ƙyalle da muke kafawa a fili, sai lasifika biyu a bisa rufi. Mu biyu ne a tamu. Mamman shi ne direba kuma ofireto mai kula da inji, ni kuma Idi, muƙamina mai sharhi.

Aikin mai sharhi yana bukatar bayani. Finafinan da ake aiko mana kusan duka da Turanci suke magana, saboda haka ƙa'idar aiki ita ce da zarar fim ya fara, ofireto ya murɗe sautinsa ya kashe ƙurmus, ni kuma in ɗauki makirfo in zama bakin kowa da ke ciki. Ni ne manomi, ni ne matarsa, ni ne malamin gona, in jaki ya fito ni ne jakin. Mamman ya daɗe yana kashe sauti har hannunsa kan riga hoto isa wurin maɓallin. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Da la'asar ni ke zagaya gari ina shela, bayan kallo kuma ni ke cika takardar ra'ayin jama'a. Gida uku gare ta: "Ya yi ƙwarai", "Ya yi daidai", "Bai yi ba". Abin da nake taƙama da shi a duniya ɗaya ne, ba na zuga fim. In na allurar shanu ne mai sa gyangyaɗi, sai in ce, "Jama'a, na yau magani ne, ba daɗi, amma ku zo ku sha." Mutane suka saba da ni haka. In na ce fim ya yi, sai ka ga an tako daga ƙauyukan kewaye da tabarmi a ka.

Wata safiya a farkon kaka, babban jami'inmu na shiyya, Alhaji Lawal, ya sa aka kira mu ofishinsa. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ya haura teku ya dawo, a wurinsa ya zama waliyyi. Muka tarar da gwangwanayen fim a kan tebur, kusa da su ga wata takarda a cikin gilashi, da tauraro ruwan zinare a samanta. Rubutun da ke jiki haruffan boko ne, amma ba Turancin da muka sani ba.

"Ku buɗe idanunku," in ji shi. "Wannan fim namu ne, hedikwata ta sa aka yi shi. An kai shi gasa ƙasar waje ya ciwo lamba. Ya ka da Turawa a garinsu!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, me aka rubuta a jikin takardar?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam Idi, ba ka ga tauraro ba? Tauraro ma sai an fassara maka?"

Aka rufe tagogi aka sa mana shi a tsohon injin ofis, wanda ya daɗe da zama bebe, ba wanda ya damu ya gyara shi tunda sauti ba ya cikin aikinmu. Na zauna ina jiran abin mamaki. Labarin manomi ne da ya sa takin zamani ya yi huɗa da shanu ya cika rumbu, maƙwabcinsa ya ƙi ya tashi da ɗan dami. Irinsa na yi wa sharhi har ban san iyaka ba. Bambancinsa da sauran shi ne a tsakiya mai ɗaukar hoton ya kafa wa sararin sama ido, hadari na haɗuwa, manomi na tsaye yana kallo, aka daɗe ba abin da ya faru. Ga shi kuma san huɗar da ya fara kunya fari ne, wanda ya ƙarasa ta baƙi.

Aka buɗe tagogi. Alhaji ya ce, "Kun gani?"

Mamman ya ce, "Mun gani, ranka ya daɗe."

Ni kuwa a raina cewa na yi laifin idona ne. Ɗan ƙauye ne ni, ina zan gane abin da ya burge Turawa? Fim ɗin bai yi muni ba, bai kuma yi daɗi ba, amma tauraron nan ya sa na fara jin kunyar ra'ayina.

Da za mu fita Alhaji ya tsayar da ni. "Takardar ƙarin girmanka zuwa mataimakin jami'i tana nan a kan teburina. Za ku zagaya Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa. In kun dawo zan haɗa ta da rahoton rangadin in aika hedikwata tare. Gari uku, gidan farko uku nake son gani."

Ku san mataimakin jami'i a lokacin yana da tebur nasa na kansa, kuma ana ba shi babur. Na daɗe ina mafarkin babur ɗin nan. Matata Hajara ma ta riga ta gaya wa 'yan'uwanta cewa da sallah a kansa za mu zo. Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

A Ƙanƙara Alhaji da kansa ya biyo mu. Muka rataye takardar mai tauraro a jikin mota, Mamman ya goge gilashinta da hularsa, muka laƙaba wa fim ɗin suna Mai Lamba. Da la'asar na ɗauki makirfo, ban san daga inda maganar ta fito ba, sai na ji bakina na cewa, "Jama'a ku fito ku ga fim ɗin da ya sa Turawa kuka!" Mamman ya waiwayo ya dube ni har ya kusa hawa kan tallar wata mai gyaɗa. Na ce masa ya kula da hanya.

Bayan sallar isha'i fili ya cika maƙil. Aka jera wa manyan gari kujeru, Alhaji ya yi jawabi mai tsawo kan kyawun hoto da hikimar mai ɗaukarsa. Mamman ya kashe sauti, na kama aiki. Komai na tafiya sumul har muka iso wurin hadarin nan. Ba mai magana, ba mai motsi, ni kuma an hana mai sharhi yin shiru. Na ce, "Ku dubi hadari, jama'a!" Hadari bai tafi ba. Na ce, "Ku sake dubansa! Wannan hadarin shi ya girgiza ƙasar Turawa!" Har yanzu yana nan. Na yabi gabashinsa, na yabi yammacinsa, na koma yi masa kirari. Alhaji ya tafa, manya suka tafa, fili duka ya ɗauka. Da aka tashi, wani akawu ya riƙe hannuna ya ce shi ya gano sirrin san nan da ya canza launi, wai ishara ce ga dare da rana. Na ce lallai ya yi zurfin tunani. Na cika gidan farko, Alhaji ya koma ofis yana murna.

Labari ya riga mu yin gaba. Da muka tsaya cin abinci a kasuwar 'Yankara, na ji da kunnena ana cewa a cikin fim ɗin akwai sa mai magana, kuma wani babban Bature ya suma da ya gan shi. Mamman ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Kukan da ka sa su jiya ya zama suma. Kafin mu kai Sabuwa an yi jana'iza." Na yi dariya har na ƙware.

A Faskari taron ya fi na Ƙanƙara, sai dai ba Alhaji da zai fara tafi. Kafin a kai rabi aka koma sayen ƙosai da hira. Da hoto ya ɗauke, wani dattijo ya matso cikin ladabi ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. To yaushe za a sa mai lambar?"

Na ce, "Ai shi ne wannan da aka gama."

Ya ce, "Af! To, ma sha Allah." Ya juya ya gaya wa na bayansa, su ma suka ce ma sha Allah, kowa ya naɗe tabarmarsa. Na sake cika gidan farko, amma alƙalamin ya yi mini nauyi.

Saura Sabuwa. Saboda wuyar hanya, ƙa'idarmu in mun shiga sai mun yi kwana biyu. A Sabuwa kuwa akwai Baba Gambo, tsohon manomi mai shanun huɗa, wanda tun da majigi ya fara zuwa garin bai taɓa fashi ba. Gaba yake shimfiɗa buzunsa, kuma al'adar garin ita ce in an gama fim ba a watsewa sai ya faɗi nasa. Ma'auninsa na abinci ne. Fim mai kyau tuwo da miya ne, marar kyau ruwan wanke tukunya. Ni da shi akwai amana, don ya taɓa cewa a gaban jama'a shelar Malam Idi ba ta bukatar shaida.

Na yi shelata ta Turawa da kuka, aka cika, aka kalla, na yi wa hadari kirari karo na uku. Mamman ya kunna fitilar fili. Kowa ya juya wajen Baba Gambo.

Ya ce, "Malam Idi, wanga shi ne mai lambar?"

"Shi ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Gayan tuwo ne. Shina ƙosarwa, zancen taki gaskiya ne, ba a rasa abin ƙaruwa ba. Amma ba miya."

Wani malamin makaranta ya ce, "Haba Baba, Turawa hwa suka yaba shi!"

"Su da bakinsu, ni da nawa," in ji Baba. Sai ya dawo kaina. "Kai na ke tambaya, ɗana. Ɗazu ka ce ya sa Turawa kuka. Tsakaninka da Allah, kai mi ya sa ka?"

Makirfo na hannuna, babur na gaban idona. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ai ya ci lamba."

"Ban tambaye ka abin da ya ci ba." Ya tashi ya kaɗe buzunsa. "Gobe in ka ce a zo, sai mu yi shawara."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Shekarun da na yi ina tara suna a garuruwan nan, na ga suna zubewa a kan tauraron da ko karanta shi ban iya ba. Takardar Sabuwa ma ban cika ta ba, na tura ta cikin jaka.

Da hantsi muna zaune wurin mai shayi kusa da mota, ni na rasa abin da ke mini daɗi, Mamman na ta ba ni baki. Sai ga wani falken shanu, Alhaji Ilu, mutumin Maraɗi, ya tsaya gaban takardar da ke rataye yana motsa leɓe. Na ɗauka addu'a yake mata.

Ya waiwayo ya ce, "Wa ya ba ku takardar Faransanci?"

Na miƙe tsaye. "Alhaji, ka iya karanta ta?"

"Yo na yi lakkwal ai, bokon Faransa, kahin in bi shanu." Ya bi layin da yatsa a hankali. "Sun ce lamba ta farko, ta ɗaukar sauti."

"Ta me?"

"Sauti. Abin da kunne ke ji. Ba su ce komi bisa hoto ba, ba su ce komi bisa labari ba. Wanda ya ɗauki ƙarar abubuwa shi anka ba."

Na dubi Mamman. Mamman ya ɗaga hannunsa na dama, wanda yake murɗe maɓalli da shi, ya ƙura masa ido kamar yau ya fara ganinsa. Gari uku muka zagaya da fim ɗin, da jawabi, da tafi, da kirari, da suman Bature, kuma abin da ya ci lambar ko sau ɗaya ba mu bar shi ya fito ba. Mu muka toshe masa baki, ni na hau kansa da surutu. Mamman ya fara dariya, ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, yana nuna ni yana cewa, "Ku sake dubansa!" Ni ma ta kama ni har shayi ya fito mini ta hanci. Alhaji Ilu ya tsaya yana kallonmu, ya tambayi mai shayi ko haka ma'aikatan gwamnatin nan suke.

Da la'asar na ɗauki makirfo. Na ce, "Jama'ar Sabuwa, Idi ne. Jiya na yi muku ƙarya, ban ga Bature ko ɗaya yana kuka ba. Fim ɗin jiya za mu maimaita, amma yau zan rufe bakina ku ji nasa. Ban san ko ya yi ba, don ni ma ban taɓa jin sa ba." Abin mamaki, wannan shelar ta fi ƙaryar jawo mutane. Wasu sun ce sun zo ne kawai su ga yadda Idi zai iya yin shiru. Baba Gambo ma ya zo ya shimfiɗa buzunsa, ko kallona bai yi ba.

Da fim ya fara sai da na riƙe hannun Mamman, don da kansa ya nufi maɓallin. Abin da ya fara fitowa daga lasifika carar zakara ce, tangaran, har zakarun garin suka ruɗe suka amsa masa. Aka fashe da dariya. Sai ga numfashin shanu, ga ƙarar garma tana keta ƙasa mai laima, ga kukan kurciya can nesa. Turancin ma kaɗan ne a ciki. Manoma suka yi shiru suna miƙa wuya, wani ya ce, "Wallahi ƙasar nan ta sha ruwa, ku ji ta."

Sai muka iso wurin hadarin da na yi kwana uku ina yi wa kirari. Ashe ba shiru ba ne a wurin. Iska ta fara kaɗa ganye. Can sai rugugi ya taso daga nesa yana matsowa, tsawa ta fashe a bisa kanmu, ɗigo ya fara sauka ɗaya-ɗaya a kan ganyen dawa, sannan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ku tuna farkon kaka ne, kowane gida akwai gyaɗa a shanye, ga auduga a tare a tsakar gida, kuma kowa na tsoron ruwan ƙarshe.

Wata mata daga baya ta kurma ihu, "Wayyo gyaɗata!"

Shi ke nan. Fili ya hautsine. Mata suka kwashi zannuwa suka nufi gida, maza na tsallake tabarmi suna kiran a rufe auduga. Mai ƙosai ta kife faranti a kan kasko. Malamin makarantar nan da ya kare Turawa jiya na gan shi da littafi a ka yana sheƙa gudu. Ina cewa a makirfo, "Jama'a fim ne! Fim ne!" amma tsawa ta fi ni murya. Ban ankara ba sai hoto ya ɗauke ɗif. Na waiwaya, ashe Mamman ne, wanda da hannunsa ya sa fim ɗin, ya jawo tamfol ya lulluɓe inji kada ya jiƙe.

Na ce, "Mamman, ɗaga kanka!"

Ya ɗaga. Taurari ne reras, ko gajimare babu.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Baba Gambo na zaune a kan buzunsa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Daga baya ya ce gwiwarsa ce ke gaya masa in za a yi ruwa, kuma ba ta ce komai ba.

Aka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wani da buhu a ka, wata da laima a buɗe, kowa na cewa shi dama ya san fim ne, rakiya ya yi. Aka yi ta tsokanar juna har hawaye. Suka ce lallai sai an maimaita wurin ruwan. Sau uku Mamman na mayar da shi baya, kuma duk lokacin da tsawar ta fashe sai ka ga wani ya saci kallon sama. Da aka kai ƙarshe aka kunna fitila, kowa ya juya wajen buzu.

Baba ya share ido ya ce, "Ashe akwai miya, ku kuka ɓoye ta cikin mota. Miya ta yi. Wanda ya yi ta ya ci lambarshi da guminshi, ko biyu a ba shi." Fili ya ɗauki tafi, wannan karon ba wanda ya fara musu. Ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Amma tuwon, Malam Idi, na jiya ne. San nan bai daina canza launi ba, manomin kuma har yanzu bai iya kamun garma ba. Kai mi ka gani?"

Na ce, "Baba, abin da ka gani shi na gani tun ranar farko. Tauraro ne ya rufe mini baki."

Ya tashi ya kaɗe buzunsa. "To gobe in ka ce a zo, za a zo."

Da safe na fito da takardun. A ta Sabuwa na cika gidan tsakiya, "Ya yi daidai", na rubuta a ƙasa cewa sautinsa gwani ne har ya kori rabin gari, amma labari da hoto irin na kullum ne. Na ɗauko na Ƙanƙara da Faskari na soke gidan farko na mayar da su tsakiya, na sa hannu a gefe kamar yadda ƙa'ida ta ce. Mamman na leƙowa ta kafaɗata. Ya ce, "Babur ɗin fa?" Na ce ya tayar da mota.

Alhaji Lawal ya karanta rahoton sau biyu. "Daidai? Fim mai lamba ka ba daidai?"

Na kwashe labari na gaya masa. Bai yarda ba sai da aka shigo da injinmu aka sa masa da sauti. Da tsawar ta fashe, na rantse muku sai da ya waiwaya wajen taga, don ya bar motarsa gilashi a buɗe. Ya yi dariya sosai, har na fara jin ƙamshin babur. Sai dariyar ta tsaya, na ga ya tuna jawabin da ya yi a Ƙanƙara kan kyawun hoto.

Ya turo mini takardun. "Gyara su. Lamba lamba ce, ko ta kunne ko ta hanci. Hedikwata ba za ta so ganin wannan ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lambar na rubuta ta a ƙasa, ban rage mata komai ba. Amma gidajen nan uku fim ɗin gaba ɗaya suke tambaya, kuma mutane sun faɗi nasu."

Bai yi faɗa ba. Ya aika rahoton yadda yake, don shi ma ba maƙaryaci ba ne. Takardar ƙarin girmana kuwa ya buɗe durowa ya sa ta, ya rufe. Damina biyu ta yi a ciki. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Da sallah a motar haya muka je garin su Hajara, ƙannenta na tambayata ko babur ɗin yana wurin gyara ne. Ta yi kwanaki tana ajiye mini abinci ba magana. Amma a cikin damina biyun nan duk lokacin da motarmu ta shiga Sabuwa na ce a zo, zuwa ake yi, Baba Gambo a gaba.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. In aka ce muku abu ya ci lamba, kada ku raina, don wani ya yi gumi a kansa, kamar mutumin da ya tsaya a cikin ruwa ya ɗauko mana tsawar nan. Amma ku tambaya, lambar me? In kun samu amsa, ku je wurin ku saurara da kyau, wataƙila ku ne kuka kashe sautin. Sauran fim ɗin kuma ku auna shi da idonku. Na lura mutanenmu ba sa rasa gane gayan tuwo, kunya ce kawai ke sa su ce ma sha Allah in sun ga manya na tafi. Shi ya sa wanda ke riƙe da makirfo ya fi kowa alhaki.

Ni ma ai na ci tawa lambar. Ranar da na yi ritaya aka ba ni ita a wannan ofis, da gilashi da tauraro, har yanzu tana rataye a zaurena. Mamman, ya tsufa yana dogara sanda, ya zo taya ni murna. Ya tsaya a gabanta ya daɗe, sannan ya ce, "Idi, lambar me?" Na sa tabarau na karanta masa: ta daɗewa a aiki ce. Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma gaskiya ta faɗa, na daɗe. Ko na iya aikin, wannan ba ya cikin gilashin, sai dai ku je Sabuwa ku tambaya.